In Sabuwar Kwamfuta Ta Ƙi Buɗe Shafi

Ina so in yi ɗan bayani ne a kan wata matsala wadda take ɓata wa mutane rai a gidaje da yawa, musamman lokacin hutu. Uba ya yi ta tari har ya sayo wa 'ya'yansa kwamfuta 'yar tafi-da-gidanka, watau laftof, don su riƙa karatu da ita. An kawo ta gida, an kunna, komai sai ƙyalli yake, amma da an ce ta buɗe shafin intanet sai ta tsaya tana ta juyi, can kuma ta nuna farin allo da waɗansu 'yan kalmomin Turanci. Nan take sai a ce ai an cuce mu, a kwashe ta a kai wa mai gyara. Wani mai gyaran kuwa ba ya wata-wata, sai ya ce dole a yi mata fomatin a sake zuba mata Windows, ya karɓe kuɗinsa.

Abin ba na wasa ba ne. Tun shekarar 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta baki ɗaya, sakamakon WAEC da na NECO ta intanet ake duba su, haka nan neman gurbin karatu a jami'a. Ɗalibin da kwamfutarsa ta ƙi buɗe shafi a irin waɗannan ranaku ya san abin da ake ce wa tashin hankali. Amma fa sau da yawa lafiyar kwamfutar ƙalau, an dai bar jaki ne ana dukan taiki.

Da farko ya kamata mu san cewa shafin da muke nema ba a cikin kwamfutarmu yake ba. Yana ajiye ne a cikin wata babbar kwamfuta, wataƙila a Legas, wataƙila a Amurka ko Turai. Idan ka rubuta adireshin shafi, tamkar ka jefa wasiƙa ce a gidan waya. Saƙon zai bi ta waifai ya isa wayar hannu ko ɗan akwatin nan da ke raba intanet a gida, daga nan ya hau ƙarfen sabis na kamfanin waya, ya bi igiyoyi na ƙarƙashin ƙasa, wani lokaci har da na ƙarƙashin teku, sa'an nan amsa ta biyo hanya ta dawo. Duk zangon da ya sami tangarɗa, kai abin da za ka gani ɗaya ne: shafi bai buɗe ba. Saboda haka aikinka shi ne ka gano a wane zango wasiƙar ta maƙale.

Gwaji na fari ba ya cin ko kwabo. Ka gwada shafuka uku ko huɗu daban-daban, sa'an nan ka ɗauki wayar hannu ka nemi shafin nan da ya ƙi. In shafi ɗaya ne tak yake gardama, kuma a wayar ma ya ƙi, to laifin yana wajen masu shafin. Lambar 404 tana nufin ba a sami abin da ka nema ba, ko dai ka yi kuskuren harafi ko an cire shi. Lambar 503 kuwa tana nufin kwamfutar da ke riƙe da shafin ba ta iya amsa maka yanzu, sau da yawa don jama'a sun yi mata yawa, kamar yadda akan gani ranar da aka saki sakamakon jarrabawa. Maganin wannan haƙuri ne, ka dawo da asuba. Manya ma sukan faɗi. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke na wajen awa shida a duniya duka. Ranar 14 ga Maris, 2024 kuma igiyoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a kusa da gaɓar Kodebuwa, intanet ta yi rauni a Nijeriya da Gana da maƙwabtansu, har harkar bankuna ta tsaya wa mutane da yawa. Wanda ya kai laftof ɗinsa gyara a wannan rana ya yi asarar kuɗin mota ne kurum.

To, in waya tana buɗewa amma kwamfuta ta ƙi, sai a duba data. Ganin alamar waifai a cike ba ya nuna akwai intanet. Abin da yake nunawa kawai shi ne kwamfutar ta haɗu da wayar ko akwatin da ke kusa da ita, kamar famfo ne da aka haɗa da tanki, ko da ruwa a ciki ko babu. Sabuwar kwamfuta kuwa mayunwaciya ce. Da ta ji intanet sai ta shiga sauko da gyare-gyaren Windows a ɓoye, waɗanda sukan kai gigabayit da dama, kafin a ankara ta lashe datar da Baba ya saya don wata guda. Ko da datar ba ta ƙare ba, wannan aiki yakan cushe hanya har shafi ya kasa wucewa. A shiga Settings, a je wajen bayanin waifai ɗin da aka haɗa, a kunna abin da aka rubuta Metered connection. Wannan zai gaya mata cewa datar nan da kuɗi ake sayenta, ta rage haɗama.

Yanzu ga abin da ni a ganina ya fi kowanne ban mamaki, shi ne kuma wanda mutane ba su cika tunawa da shi ba, watau agogo. Ku dubi kusurwar allo ta ƙasa a hannun dama, ku ga kwanan wata da shekarar da kwamfutar take nunawa. Yawancin shafukan yanzu adireshinsu da https yake farawa, ma'ana abin da ke tsakaninka da shafin a kulle yake, wani ba zai leƙa ba. Kafin a yi wannan kulli, dole shafin ya nuna wa kwamfutarka takardar shaida cewa shi ne da gaske, ba ɗan damfara ne ya yi shigarsa ba. Wannan takarda tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma ba ta daɗewa. Waɗansu kwana 90 kacal suke yi a sabunta su.

Mu 'yan makarantar kwana mun fi kowa gane wannan. A ce ka karɓi takardar izinin fita daga hannun malamin gida, an sa hannu, an rubuta kwanan yau. Ka iso bakin ƙofa, shi kuwa Baba mai gadi kalandar bara ce rataye a ɗakinsa. Zai duba takardarka, ya duba kalanda, ya ce ranar nan ba ta zo ba tukuna, koma. Takardarka sahihiya ce, kalandarsa ce ta tsaya. Haka kwamfuta take yi. In agogonta yana baya da watanni, sai ta ɗauka takardar shafin ba ta fara aiki ba. In yana gaba, sai ta ce ta mutu. A Chrome za ka ga an rubuta Your clock is behind, ko kuwa Your connection is not private, kuma kusan kowane shafi sai ya ƙi.

Me zai sa agogon sabuwar kwamfuta ya ɓata? Wata ta daɗe a cikin kwali har batirinta ya mutu murus. Wata kuwa, mu faɗi gaskiya, a wajenmu ne take sabuwa, amma ta yi shekaru tana aiki a wani ofis a Turai kafin a shigo da ita. A cikin irin waɗannan akwai wani ɗan batiri, sau da yawa mai siffar kwabo, wanda aikinsa shi ne riƙe agogo yayin da aka kashe na'urar. In ya tsufa, kullum aka kunna sai kwanan wata ya koma baya. Gyaran farko shi ne a shiga Settings, sai Time & language, sai Date & time, a kunna Set time automatically, a danna Sync now. A zaɓi lokacin ƙasarmu, wanda aka rubuta West Central Africa, awa ɗaya gaba da na Girinwic. In gobe ma aka tashi aka tarar ya koma baya, ɗan batirin nan za a canja, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Akwai kuma wani ma'aikaci a hanya da ake kira DNS. Kwamfutoci ba su san suna ba, lamba suka sani. Iyayenmu za su tuna da littafin lambobin tarho na da, wanda in ka san sunan mutum sai ka buɗe ka sami lambarsa. To, DNS shi ne wannan littafi, wani Ba'amurke mai suna Paul Mockapetris ne ya tsara shi a 1983. In ya ƙi amsawa, hanya a buɗe take amma kwamfuta ba ta san inda za ta nufa ba. Ga yadda ake kama shi. A danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta cmd, baƙin allo zai fito. A rubuta ping 8.8.8.8 a danna Enter. In layuka masu farawa da Reply from 8.8.8.8 suka fito, hanya lafiya. Sa'an nan a rubuta ping google.com. In wannan ya ce bai sami sunan ba, to ɓarawo ya shiga hannu. A rubuta ipconfig /flushdns don kwamfutar ta manta tsofaffin lambobin da ta haddace. In bai isa ba, a je wajen bayanin waifai a canja DNS da hannu zuwa 8.8.8.8 na kamfanin Google, ko 1.1.1.1 na Cloudflare wanda aka buɗe a 2018. Duka biyun kyauta ne.

Sauran 'yan abubuwan ba sa bukatar dogon bayani. Kwamfutar da ta fito daga ofis ko makarantar ƙasar waje wani lokaci takan zo da umarnin cewa duk saƙonta sai ya bi ta wata ƙofa ta wannan ofis, ƙofar da babu ita a nan. A nemi Proxy a cikin Settings a kashe Use a proxy server. Masu sa VPN, wanda mutane da yawa suka saba da shi tun lokacin da aka rufe Twitter a Nijeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, su kashe shi su sake gwadawa. Manhajar kashe ƙwayar cuta ta gwaji da akan haɗo da sabuwar kwamfuta ita ma takan tare shafuka, balle in an ƙara mata wata suka zama kishiyoyi. A cire ɗaya, ai Windows tana da nata mai gadin, Microsoft Defender. In kuwa waifai ɗin na otal ne ko na ɗakin karatu, yawanci akwai shafin shiga da sai an cika shi kafin a sake maka hanya. Kada kuma a manta da gwada wata burauza: in Chrome ta ƙi, a buɗe Edge, wadda take zuwa tare da Windows.

Yaushe ne za a ce lalle laifin na'urar ne? Idan aka danna alamar waifai ba ta nuna sunan kowace hanya ba, alhali wayoyin gidan duk suna gani, sai a fara tabbatarwa ba a taɓa maɓallin nan mai hoton jirgin sama ba, don yana kashe waifai baki ɗaya, ƙananan yara kuwa ba su bar maɓalli ya huta. In ba shi ba ne, an kashe an kunna har yanzu shiru, to ko dai 'yar manhajar da ke tuƙa waifai ɗin ce babu, ko kuwa ɗan allon waifai na ciki ne ya lalace. A nan ne za a ɗauki rasit a koma wajen wanda ya sayar, kafin wa'adin garanti ya wuce, kuma kada a bari kowa ya kwance ta kafin nan, don mai kanti yana iya cewa an ɓata yarjejeniya. Iyayenmu da ba su saya ba tukuna, ina roƙonku ku tafi kanti da waya mai data, ku sa a kunna kwamfutar a gabanku, a duba kwanan wata, a buɗe shafuka biyu ko uku, kana ku ƙirga kuɗi.