Kafin ka kunna hitar ruwa, buɗe famfo tukuna

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya raba mu da gidanmu na Alhilla Kuku, a Bahri, kusan shekara biyu. Ko da aka dawo mana da wuta, sanyin Disamba ya shigo. Inna ta tsufa, ba ta jure alwalar asuba da ruwan sanyi. Sai na yi garaje na kunna hita, wato abin da muke kira sakhan a nan. Ashe babu ko ɗigon ruwa a cikinta. Kafin na ankara, ƙarfen da ke dumama ruwan ya ƙone.

Da mai gyara ya zo, sai ya girgiza kai ya ce: "Haba Ustaz, ai ko tukunya ba a ɗora ta kan wuta ba ruwa." Wallahi na ji kunya. Dabarar kuwa mai sauƙi ce: ka buɗe famfon ruwan zafi har ruwa ya zubo ba tare da tusar iska ba, sannan ka kunna. Duk lokacin da aka ɗauke ruwa, ka kashe ta.

Da ya kwance tankin, laka ce jibge a ƙasa, irin wadda ruwan kogin Nilu ke kwasowa da damina. Ita ce ke lulluɓe ƙarfen, hitar ta yi ta ƙara, tana shan wuta, ruwan kuma bai yi zafi ba. A zubar da ruwan a wanke tankin sau ɗaya a shekara, a kuma duba sandar magnesiyam da ke hana tsatsa.

Maganar kuɗi fa? Dumama lita 50 daga digiri 20 zuwa 60 na cin kimanin kilowat-awa 2.3, wajen awa ɗaya da rabi ke nan ga hita mai wat 1,500. Barin ta kunne dare da rana kuwa, mita ce za ta gaya maka. A tsayar da ma'aunin zafi a 60: sama da haka ɓarna ce, ƙasa sosai kuma ƙwayoyin cuta na hayayyafa.

Abu biyu ba wasa a kansu. Idan famfo ya ɗan ja ka, kashe wutar nan take, a duba wayar da ke sauke wuta zuwa ƙasa. Kada kuma a toshe bawul ɗin da ke rage matsi don yana ɗiga, aikinsa ke nan.

Yanzu ni nake kunna ta da ƙarfe uku da rabi na dare, in kashe kafin Inna ta shiga. Kuɗin gyaran dai na albashin malami ne ya tafi.