AYUTAYA: KUFAN BIRNIN SARAKUNAN SIYAM

Jama'a, da yawa cikin 'yan'uwanmu fatake sun san Bankok, babban birnin ƙasar Tailan, domin can sukan tafi sarin tufafi da takalma. Amma kaɗan ne suka san mil 50 kacal arewa da kasuwannin nan akwai kufan wani birni wanda a zamaninsa ya fi Bankok suna. Sunansa Ayutaya. Wanda ya hau jirgin ƙasa da sassafe ya isa kafin hantsi ya yi zafi.

Sarki U Tong ne ya kafa shi wajen shekarar 1350, a lokacin ana kiran ƙasar Siyam. Ya zaɓi wuri tsakanin koguna 3, watau Cao Paraya da Lopburi da Pa Sak, aka haƙa magudana aka haɗa su, birnin ya zama tsibiri. Sarakuna 33 suka yi mulki a ciki, shekara 400 da 'yan kai.

Abin da baƙo zai fara gani shi ne jan bulo, ko ina jan bulo, da hasumiyoyi masu kama da ƙararrawa a kife. Mutanen ƙasar mabiya addinin Buda ne, ɗakin ibadarsu kuwa suna ce da shi wat. A cikin fada akwai Wat Pra Si Sanpet, inda hasumiya 3 ke tsaye a jere, kowace da tokar gawar wani sarki a ciki, gama su ƙona matattunsu suke yi. Nan ne dā akwai siffar Buda a tsaye, tsawonta mita 16, an lulluɓe ta da zinariya. A Wat Mahatat kuma akwai wani kan Buda na dutse wanda saiwoyin itace irin su ceɗiya suka rungume, sai fuska kaɗai ake gani. Masu gadi ba su yarda mutum ya tsaya ƙiƙam a kansa don ɗaukar hoto, sai ya durƙusa. Hawa kan siffofin laifi ne, kuma a shiga da tufa mai rufe kafaɗa da gwiwa. Wanda bai iya wannan ba ya tsaya daga nesa, ba wanda zai tilasta shi. Gidan mutane ne, ba a shigarsa da raini.

Labarin Wat Racaburana ya fi ban tausayi. A 1424 sarki ya mutu, 'ya'yansa biyu suka yi jayayyar gadon sarauta, kowa ya hau giwarsa, suka gwabza, duka biyu suka mutu. Sarauta ta faɗa hannun ƙanensu, shi ya gina wannan wat a inda aka ƙona su. A 1957 ɓarayi suka fasa ɗakin da ke ƙarƙashin hasumiyar suka kwashi zinariya. Abin da aka iya ƙwatowa yana gidan ajiyar kayan tarihi na Cao Sam Paraya, cikin garin.

To, ga abin da ya sa na ga labarin ya kamace mu. Arzikin Ayutaya duk na fatauci ne. Jiragen ruwa suna hawowa daga teku har bakin ganuwa, su ɗauki shinkafa da fatun barewa da itacen rini da kuza, har giwaye ana kai su Indiya. Sarki ba ya barin baƙi su watsu yadda suka ga dama. Kowace ƙabila yakan yanka mata fili a bakin kogi, ta yi unguwarta, ta yi addininta, da shugabanta wanda ke amsa kiran fada. Akwai ta Fotugal, waɗanda suka fara zuwa a 1511, da ta Holan, da ta Japan, da ta Malayu, ga mutanen Sin da na Farisa. In ba zango ba, me za mu kira wannan? Shugaban nan kuwa, ai sarkin zango ke nan.

Sai dai ba dukansu suka wanye lafiya ba. Shugaban mutanen Japan, Yamada Nagamasa, yana da mayaƙa, ya sa hannu cikin rigimar wa zai hau gado. A 1630 ya mutu, sarki Prasat Tong ya sa aka ƙone unguwarsu. Wani Bagirke, Kwanstantin Folkon, ya ɗaukaka a wurin sarki Narai har ya zama kamar waziri, ya jawo sojan Faransa cikin ƙasar. Da Narai ya kwanta ciwon ajali a 1688, hakimai suka kama shi suka kashe.

Shehu Ahmadu, Bafarishe daga birnin Kum, shi hanyarsa dabam. Ya zo fatauci wajen farkon ƙarni na 17, sarki Songtam ya ba shi riƙon cinikin jiragen da ke zuwa daga yamma, ya kuma naɗa shi shugaban Musulmi, da sarautar Cularajamontri. Har yau da wannan suna ake kiran shugaban Musulmin Tailan, kabarinsa kuma yana nan Ayutaya ana ziyarta. Zuriyarsa, gidan Bunnag, sun yi ƙarfi ƙwarai, har ɗayansu ya riƙe ƙasar daga 1868 zuwa 1873 saboda sarki yaro ne. Amma kafin nan reshen da ke fada ya rigaya ya koma addinin Buda. Dattawan da ke da jikoki a gidajen gwamnati, su auna wannan da kansu.

Ƙarshen birnin ya zo daga Bama. Mutanen Ayutaya sun saba in abokan gaba suka kewaye su, sai su rufe ƙofa su jira damina, ruwa ya cika fadama ya kori maƙiyi. A 1766 dabarar ta ƙi. Sojan sarki Sinbyushin suka koma kan tudu, suka sassaƙa jirage, suka zauna har ruwa ya janye. Sa'an nan suka yi rami ƙarƙashin ganuwa suka hura wuta, ta rushe. Ran 7 ga Afrilu 1767 suka shiga, bayan wata 14 suna kewaye da garin. Suka ƙone fada, suka narke zinariyar babbar siffar nan, suka kora dubban mutane zuwa ƙasarsu. Abin mamaki, su ma mabiya Buda ne. Siffofin da za ka gani jere ba kai kuwa, kada a ɗora wa Bama duka. Da yawa ɓarayin baya ne suka sare don sayar wa masu tara kayan dā.

Ba a sāke mai da sarauta nan ba. Taksin ya kafa fadarsa a Tonburi, a 1782 kuma aka koma Bankok, aka riƙa kwasar bulon Ayutaya cikin jirage ana gina sabon birni da shi. A 1991 hukumar UNESCO ta sa kufan cikin kayan tarihi na duniya. Ruwan nan da ke tsaron garin dā, shi ya mamaye shi a ambaliyar 2011.

Wanda ya je kada ya damu da wurin salla ko abinci. Musulmi suna nan da yawa, da masallatansu, galibi kudu da tsibirin a bakin kogi. Su ne kuma suka shahara da wata alewa mai silili kamar gashi da ake naɗewa cikin gurasa marar kauri, ana ce da ita roti sai mai, wadda matafiya kan saya tsaraba kafin su koma tasha.