Daga Ahmad S. Nuhu Zuwa Daso: Amfanin Tuna Mutuwa Tun Da Sauran Numfashi

Duk ranar da aka yi rashi a Kannywood kun san yadda muke yi. Hotuna su cika Facebook da TikTok, kowa na rubuta "Allah ya jiƙan rai", a yi ta yaɗa tsofaffin bidiyoyin mamacin. Ana yin sadakar uku shi ke nan, an koma musun wane ya fi wane. Alhali akwai abin da ya kamata ya zauna mana a zuciya bayan kukan ya wuce.

Ku duba yadda abin ya zo wa wasu taurarinmu. Ahmad S. Nuhu yana tsakiyar tashensa ya rasu a haɗarin mota ranar 1 ga Janairun 2007, a hanyarsa ta zuwa Maiduguri. Balaraba Muhammad a 2003 amarya ce, ana kan hanyar kai ta ɗakinta ajali ya riske ta. Rabilu Musa Ibro, wanda ya shekara da shekaru yana ba Arewa dariya, ya tafi a Disambar 2014 bai kai shekara 45 ba. Saratu Giɗaɗo Daso kuwa ranar 9 ga Afrilun 2024 ta cika, ana gobe Sallah. Kowannensu yana da shirin gobe, kamar dai ni da kai.

To meye amfanin tuna wannan? Wasu na ganin zancen mutuwa na kashe jiki ne. A gaskiya rariya ce, tana tace maka abin da ke da muhimmanci daga tarkace. Matsalar ɗan'adam ita ce yana lissafi kamar kwanansa ba ya ƙarewa, shi ya sa "sai gobe" ba ta yi masa nauyi a baki. Da zarar ka yarda kwanakin ƙidayayyu ne, sai ka fara ƙyashin ɓatar da su, kamar mai 'yar ragowar data ba ya buɗe kowane bidiyo.

Ga wuraren da tunanin zai yi maka aiki.

Na farko, haƙƙin mutane. A wajen jana'iza ake tambaya ko akwai mai bin mamaci bashi. Kar ka bari sai ranar. Dubu biyun nan da ka ranta ka yi shiru, mayar da ita. Wanda kuke gaba da shi, kira shi yau, don ba a neman gafarar wanda ke cikin makara ya amsa.

Na biyu, abin da kake ɗorawa. Har yanzu ana kallon finafinan Ibro, ana sauraron Shata da ya rasu tun 1999. Kamara ba ta san mai ita ya mutu ba. Kafin ka saki bidiyo ko ka zagi wata jaruma a ƙasan hotonta, tambayi kanka: in wannan ne abu na ƙarshe a shafina, na yarda?

Na uku, burin da kake ta jan ƙafa a kai. Waƙar da ke cikin wayarka shekara biyu, labarin fim ɗin da ka ce za ka rubuta, jarrabawar da ka ce za ka sake, Islamiyyar da ka bari. Fara da abin da ke hannunka.

Na huɗu, iyaye. In suna raye, ajiye wayar nan ka je ka zauna a yi hira. Fim zai jira ka, su ba lallai ba ne.

Ba cewa aka yi a daina dariya ko nishaɗi ba, ai Ibro ma dariyar ya bar mana. A dai san inda yini ke tafiya.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.