Bajariga: Tsuntsun Garke da Muke Kullewa Shi Kaɗai

Ƙaramin akun nan mai launin kore ko shuɗi da ake sayarwa a keji, wanda Turawa ke kira bajariga, ɗan asalin Ostireliya ne. A busassun filayen tsakiyar ƙasar yake rayuwa, inda ruwan sama ba shi da tabbas. Masani George Shaw ne ya fara bayyana shi a rubuce a 1805, sannan John Gould ya kai rayayyu Ingila a 1840. Daga nan ya bazu a duniya.

A daji tsawonsa bai wuce santimita 18 ba, launinsa kuwa kore ne da rawaya. Shuɗi da fari da muke sha'awa masu kiwo ne suka yi ta zaɓa har suka yawaita. Ba ya zama wuri ɗaya. Garke-garke suke tashi, wani lokaci dubbai, suna bin inda ruwa ya sauka ciyawa ta yi iri. Can suke sheƙa a kogon bishiyar turare, macen ta saka ƙwai huɗu zuwa shida, ta yi kwanci na kimanin kwana 18.

To, wannan halitta da ta saba da doguwar tafiya da surutun 'yan'uwa ita ce muke kullewa ita kaɗai a kejin da ko fikafikai ba ta iya buɗewa sosai, mu rataye a baranda don ado. A ganina wannan zalunci ne, ko da ba da gangan aka yi ba. Wanda ba zai iya riƙe biyu ba, a keji mai faɗin da za su tashi daga sanda zuwa sanda, gara ya haƙura. Bambance jinsi ma ba wuya: fatar da ke saman bakin balagaggen namiji galibi shuɗiya ce, ta mace kuwa ruwan ƙasa ko fari-fari.

Sai batun abinci. Gero zalla yana sa shi ƙiba ya kuma bar shi da ƙarancin sinadaran jiki, don haka a haɗa masa da ganye da karas, a sauya ruwa kullum. Afokado da cakulan guba ne gare shi.

Abin da ya fi saurin kashe shi a gidajenmu, amma ba a cika lura ba, shi ne iska. Numfashin tsuntsu ba ya jure hayaƙi. Maganin sauro na kunnawa ko na feshi, hayaƙin janareta, da tururin kaskon da ba ya kama abinci idan ya yi zafi fiye da kima, kowannensu na iya hallaka shi cikin ɗan lokaci. Gashi tuma ya saba ɓoye ciwo, kamar yawancin tsuntsayen da ake farauta. Duk ranar da aka gan shi ya kumbura gashi ya sauka ƙasan keji ya yi shiru, a nemi likitan dabbobi a ranar, kada a jira gobe.