Daga Filin Jirgin Sama Zuwa Ƙofar Gida: Wa Zai Ɗauko Baƙonka?

Kowace shekara, da watan Disamba ya kama, gidaje da yawa a ƙasar Doguwa da Tudun Wada da Kiru da Bebeji sukan shiga sauraron baƙi. Ɗan da ke aiki a Ikko ya aiko zai zo hutu da matarsa da yara. 'Yar da ta tafi karatu ƙasar waje ta ce ta sayi tikiti. Uwargida ta sa an shafe ɗaki, an ware kaji, an kai masara inji. Kowa a gidan ya san ranar da jirgi zai sauka a Kano, har da ƙarfe nawa. Amma tambayi maigida wanda zai ɗauko su daga filin jirgin, sai ka ji ya ce, "Ai mota ba ta wuya a Kano."

Gaskiya ne, mota ba ta wuya a Kano. Sai dai jirgi daga Ikko zuwa Kano ba ya cin awa biyu, amma daga filin jirgin zuwa Riruwai mutum yana iya ɓata sauran yinin duka, in bai yi sa'a ba ma ya kwana a tasha da yara da akwatuna. Wannan guntun tafiya na ƙarshe shi ne ba a kan shirya ba, shi ne kuwa ya fi bukatar shiri.

Akwai mutanen da suka gane wannan tun tuni, gama ƙasarsu ce ta tilasta musu. A cikin Tekun Indiya, kudu maso yamma da ƙasar Indiya, akwai ƙasar Maldibs, wadda tsibirai ce zalla, kusan 1,200, yawancinsu ƙanana ƙwarai. Tun 1972, lokacin da aka buɗe masaukin baƙi na fari a can, mutanen ƙasar suka mai da karɓar masu zuwa hutu babbar sana'arsu. Babban filin jirgin samansu yana kan wani tsibiri mai suna Hulhule, kusa da Male babban birni. Otal-otal ɗin kuwa a warwatse suke, sau da yawa otal ɗaya a tsibiri ɗaya. Wanda ya sauka ba zai fita bakin titi ya ɗaga hannu mota ta kai shi masaukinsa ba, gama teku ce tsakaninsu. Sai dai kwalekwale mai inji in tsibirin yana kusa, in yana da nisa kuwa sai wani ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa.

Saboda haka mai zuwa hutu a can ba ya kama ɗaki ya yi shiru. Tun yana gida otal ɗin zai tambaye shi lambar jirginsa, da lokacin sauka, da yawan mutanen da ke tare da shi. Ran da ya iso zai tarar da wani a tsaye riƙe da allo mai sunansa ko sunan otal. Ga kuma abin da ya fi kama da namu: jiragen nan masu sauka a kan ruwa da rana kaɗai suke tashi. Baƙon da jirginsa ya iso da yamma liƙis, komai kuɗinsa, sai ya kwana kusa da filin jirgi ya jira wayewar gari. Ba wanda yake ganin wannan abin kunya ne. An gaya masa tun kafin ya sayi tikiti.

Mu ba mu da teku tsakaninmu da Kano. Muna da dajin Falgore.

Bari mu bi hanyar tare, ya mai karatu, domin wanda ya daɗe bai zo gida ba. Filin jirgin sama na Malam Aminu Kano yana arewacin birni. Tsohon fili ne ƙwarai: a Kano jirgin sama ya fara sauka a ƙasar nan, ran 1 ga Nuwamba 1925, sa'ad da jiragen sojan Ingila uku suka iso daga Masar. Hanyarmu kuwa ta kudu take fita, wato hanyar Zariya. Ke nan tilas a ratsa birnin daga wannan kai zuwa wancan, da cunkosonsa duka, kafin a ce an fara tafiya. Daga nan a wuce Kura, a isa Kwanar Ɗangora. A nan ake barin babban titin Zariya a karkata zuwa Tudun Wada, sa'an nan a shiga daji, a fito ta ɓangaren Doguwa. Titin nan shi ne ya zarce Saminaka har Jos. Mai zuwa Riruwai, hedkwatar ƙaramar hukumar Doguwa, garin da aka sani da haƙar kuza, zai sake barin titin ya nufi cikin duwatsu.

Dajin Falgore yana da nisan wajen kilomita 150 daga Kano, faɗinsa kuma ya kusa murabba'in kilomita 1,000. A dā ana kiransa gandun dajin Kogin Kano, gama kogin ta cikinsa ya biyo. Da rana wuri ne mai kyaun gani, musamman bayan damina. Amma kowa a yankin ya san an yi shekaru ana fama da 'yan fashi da ɓarayin shanu da masu satar mutane a cikinsa, har a 2017 sojoji suka shiga suka mai da wani sashensa wurin horo. Ko a ce babu mugu ko ɗaya, doguwar hanya ce wadda gari ya yi ƙaranci a kanta, akwai kuma wuraren da waya ba ta kamawa sosai. Taya ta fashe a can da ƙarfe takwas na dare, ina mai faci?

To, ga lissafin da ya kamata kowane gida ya yi. A watan Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida. Daga filin jirgi zuwa Doguwa, in an haɗa da cunkoson birni da tsayawa shan mai da shingayen bincike, kada ka ba shi ƙasa da awa uku. Kafin fasinja ya sami akwatinsa ya fito, rabin awa ko awa guda ta tafi, in daga ƙasar waje ya zo ma ya fi haka. Ashe jirgin da ya sauka bayan ƙarfe biyu na rana ya riga ya makara. Ƙara da cewa Disamba da Janairu lokacin hazo ne, hazo kuwa yakan sa a jinkirta jirage a Kano ko a soke su ɗungum. Jirgin da aka rubuta sha biyun rana yana iya sauka ƙarfe biyar. Don haka in ɗanka ya tambaye ka wane jirgi zai hau, ka ce masa na safe, ko da ya fi tsada kaɗan.

Wani zai ce, me ya sa ba za su je tasha kamar kowa ba? Suna iya zuwa. Saurayi mai jaka ɗaya, wanda ya san gari, ba abin da zai hana shi hawa A Daidaita Sahu zuwa tashoshin da ke kan hanyar Zariya, irin su Unguwa Uku da Na'ibawa, ya nemi motar Tudun Wada ko ta Saminaka. Ya fi araha nesa ba kusa ba. Amma motar tasha ba ta tashi sai ta cika, kuma ba ta san ana jiranka a gida ba. Ka zauna awa biyu ana jiran fasinja ɗaya, ɗan kamasho yana ta ce maka saura mutum guda. Mace mai goyo da yara biyu da akwati huɗu, ko tsohon da aka sallamo daga asibiti, ko surukar da ba ta jin Hausa ba ta kuma taɓa zuwa Arewa ba, waɗannan shatar mota ta fi musu. Wanda ya bar Kano da daɗewa kuma ya tuna an hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni tun 2013. Kada ya sauko da tsohon tunani a kansa.

Shata kuwa iri biyu ce. Akwai motocin haya da ke jira a filin jirgin kansa, akwai kuma direban da aka shirya da shi tun daga gida. Na filin jirgi suna da amfani in cikin gari za ka. In ka ce musu Doguwa, ga ka da kaya, ga yara suna kuka, ga rana ta karkata, ba ka da bakin ciniki, kuma mai yiwuwa direban bai taɓa wuce Kwanar Ɗangora ba. A ganina direban gida ya fi, wato mutumin yankinmu da ke bin hanyar kullum, wanda aka san gidansu aka san tasharsa. Shi ya san inda titi ya lalace, da inda ake samun mai, da abin da ya faru a daji shekaranjiya. In ba ku san kowa ba, a tambayi shugabannin direbobi a tashar garinku, ko dattawan ekklesiya, ko 'yan'uwa da ke zaune a Kano. Direban da wani dattijo ya tsaya masa ba ya wasa da kai, gama zai haɗu da dattijon nan gobe.

Wajen ciniki ne ake ɓatawa, domin kunya takan hana mu faɗin abu filla-filla. Maigida ya ce, "Malam, nawa za ka ɗauko mini yara daga filin jirgi?" Direba ya ce, "Haba Baba, ai ba komai tsakaninmu, sai abin da ka bayar." Wannan magana mai daɗin ji ita ce takan zama rigima a ƙofar gida, a gaban baƙi. A yanke kuɗi tun da wuri. A faɗa ko da mai a ciki ko ban da mai, gama tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023 kuɗin mai ya zama kaso mafi girma a kowace shata. A tuna motar za ta tafi Kano ba fasinja, ko kuwa a yarda direba ya yi lodi a tafiya, ya dawo da baƙinku kaɗai. A faɗi wanda zai biya kuɗin shiga da ajiye mota a filin jirgi. A faɗi abin da za a yi in jirgi ya yi latti: awa nawa zai jira, in kuma kwana ya kama, wa zai ɗauki abincinsa da makwancinsa. Abu ɗaya kuma da ba a so a bari, shi ne a ce masa sarai ba za a ɗauki kowa a hanya ba. Wasu direbobi in sun ga kujera ba kowa, hannunsu ba ya haƙuri.

Kafin alƙalami ya isa kuɗin mai na zuwa, sauran sai an sauke baƙi lafiya. Kada a aika da kuɗi duka ga wani da aka gani a Facebook yana tallar motocin shata, ba a san ofishinsa ba, ba a san fuskarsa ba. Hoton mota mai ƙyalli ba shi da wuyar samu.

Sa'an nan a haɗa direba da baƙo tun kwana biyu kafin tafiya. A aika wa baƙon sunan direba, da lambar wayarsa, da launin mota da lambarta, har da hotonsa ta WhatsApp in da hali. A aika wa direba sunan kamfanin jirgi da lokacin sauka. Wanda ke zuwa daga ƙasar waje sau da yawa layinsa ba ya aiki sa'ad da ya sauka, don haka dabarar mutanen tsibiri tana da amfani a nan: a rubuta suna da manyan baƙaƙe a jikin kwali, direba ya riƙe. Amma baƙo kada ya bi mutum don kawai ya ga sunansa ko ya ji an kira shi. Ya tambaye shi, "Wa ya aiko ka?" Ya duba lambar motar kafin a sa akwati a but. In akwai wani ɗan gida da zai iya bin direban zuwa tarye, ya fi duka, ko da kujera ɗaya ta ragu.

Motar ma a dube ta. Ƙaramar mota ba za ta ɗauki mutum biyar da kayan Kirsimeti ba, sai a nemi mai kujeru layi uku irin su Sharon. A ga safayar taya da jak da ido, kada a ji da baki. Mai jariri ya tambaya ko tagogi suna rufuwa, gama ƙurar hunturu ba ta da kirki ga ƙirjin yaro.

Mutanen Doguwa da Riruwai suna da wata ƙofa da na Bebeji da Kiru ba su damu da ita ba. Su suna kudu da daji, don haka wanda ya sauka a filin jirgin sama na Yakubu Gowon da ke Heipang, kusa da Jos, zai biyo ta Jengre da Saminaka ya iso gida ba tare da ya ratsa Falgore ba. Jiragen da ke sauka can ba su kai na Kano yawa ba, filin kuma yana kudu da Jos, sai an ratsa garin. Wannan hanya ma ta rana ce. Duk da haka ya kamata a auna biyun kafin a sayi tikiti.

In kuwa an yi duk abin da za a yi, hazo ya riƙe jirgi har la'asar, to, a kwana Kano. A shirya wannan tun farko: gidan wane ɗan'uwa za a sauka, ko wane masauki, direba kuma ya sani. Abin da yakan tura mutane cikin daji da dare ba rashin sani ba ne, yawanci waya ce daga gida. "Kun taso? Ga tuwo yana hucewa, Kaka ta ƙi barci tana jiranku." Iyaye, ku ne za ku fara cewa, "Ku kwana, gobe ma rana ce." Yaro ba zai iya faɗa muku haka ba, kunya yake ji.

Wanda ya kwana ya kama hanya da sassafe yana da wata riba. Yana da lokacin ratsewa a ƙasar Bebeji ya nuna wa yaran da aka haifa a Ikko madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, inda aka tare Kogin Kano ya zama tafki har ido ba ya ganin ƙarshensa. Ruwan da za su gani a can, ta cikin dajin da za su ratsa an jima ya gangaro. In ana son wannan ratse, shi ma a gaya wa direba tun ranar ciniki, domin ƙarin mai ne.