Fizikal Kemistiri: Karatunsa da Ayyukan da Yake Buɗewa a Yankin Sakkwato

Kimiyyar sinadarai, wadda ɗalibai suka fi sani da kemistiri, tana da rassa da dama, kuma reshen da ake kira fizikal kemistiri shi ne wanda yake amfani da lissafi da dokokin fiziks domin gano dalilin da ya sa sinadarai suke haɗuwa, da saurin haɗuwarsu, da yawan zafin da suke sha ko suke fitarwa. Fannin ya tsaya da ƙafarsa a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da Wilhelm Ostwald da Jacobus van 't Hoff suka kafa mujallarsa ta farko a Jamus a shekarar 1887.

Ginshiƙinsa na farko shi ne ilimin zafi da makamashi, wanda yake bayyana yadda ruwan da ya tsatso a jikin randa yake ɗauke zafi sa'ad da yake zama tururi, har ruwan ciki ya yi sanyi. Na biyu shi ne ilimin saurin sauyawar sinadarai, wanda yake nuna dalilin da ya sa takin yuriya da aka watsa a saman ƙasa mai zafi yake rasa wani kaso na amfaninsa a iska, abin da ya shafi kowane manomin fadama a Kebbe da Tambuwal. Na uku kuwa shi ne alaƙar sinadarai da lantarki, wadda a kanta aka gina batirin da yake ajiye wutar sola.

Ɗalibin wannan yanki ba ya buƙatar tafiya mai nisa, domin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, tana koyar da kemistiri, haka ma jami'ar jihar Kebbi da ke Aliero. Ana neman kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi da kemistiri da fiziks, sannan a ci jarrabawar JAMB. Digirin farko shekara huɗu ne na kemistiri gaba ɗaya, ƙwarewa a wannan reshe kuwa sai a digiri na biyu da na uku.

Ayyukan da suke jiran masanin fannin a fili suke. A masana'antar siminti ta Kalambaina ana gasa farar ƙasa da yumɓu a zafin da ya kai kimanin digiri 1,450, aikin da ba ya tafiya daidai sai da mai auna zafi da ingancin kaya. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato tana nazarin amfani da hasken rana, hukumomin NAFDAC da SON suna gwada magunguna da abinci da kayan masarufi, ga kuma hukumomin ruwan sha da kamfanonin taki da aikin koyarwa.

Sai dai duk wannan ya dogara ga tushen da aka aza tun daga sakandare, domin wanda lissafinsa ya yi rauni zai sha wuya a wannan fanni. Saboda haka ya zama wajibi iyaye da hukumomin ilimi su tabbatar makarantun Kebbe da Tambuwal sun samu ƙwararrun malaman lissafi da ɗakunan gwaji masu kayan aiki, domin 'ya'yan yankin su cike waɗannan gurabe da kansu.