Haɗin Gwiwar Al'umma Domin Yaran da Karatu ke Yi wa Wuya

A makarantun firamare da dama na karkara, akan samu yaron da ya kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi da wasali ba. Sau da yawa akan kira shi daƙiƙi, a yi ta dukansa, har ya gaji ya koma gona ko talla. Muna son jama'a su fahimci cewa wannan ba lallai rashin basira ba ne. Wani ba ya hangen allo sosai, wani kunnensa ne ke da matsala, wani kuwa fashin makaranta ne lokacin damina. Akwai kuma larurar da masana ke kira disleksiya, wadda ke wahalar da yaro wajen danganta harafi da sautinsa alhali hankalinsa lafiya lau.

Dokar UBE ta shekarar 2004 ta wajabta ilimin shekara tara kyauta ga kowane yaro, sai dai malami ɗaya a aji mai cunkoso ba zai iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba. A nan ne kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, ke da rawar takawa, domin ya ƙunshi masu unguwanni, malaman addini, iyaye mata da tsofaffin ɗalibai.

An riga an gwada irin wannan haɗin gwiwa. Shirin RANA, wanda ya fara a jihohin Katsina da Zamfara, ya koyar da karatu cikin Hausa tare da shigar da ƙungiyoyin iyaye mata. A 2019 kuma, shirin KaLMA a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa na Jihar Kano ya kasa yara rukuni-rukuni bisa matakin karatunsu, ba bisa ajinsu ba, tsarin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ƙirƙiro.

Don haka muna kira ga kwamitoci da su nemi sunayen irin waɗannan yara daga shugabannin makarantu, a kai su asibiti a duba idanu da kunnuwansu, sannan a samu masu sa kai su zauna da su a zaure da yamma. Sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi su taimaka da littattafai. Iyaye kuma, ko ba su yi boko ba, su riƙa sauraron yaro yana karatu, su ajiye bulala. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.